Yadda za ka yi amfani da "make hay while the sun shines" ba tare da ka kwafsa ba

Ni dai wannan karin maganar ina da tabonta tun muna aji biyar a sakandare. An ba mu rubutun insha'i kan amfanin lokaci, na zauna na zuba Turanci iya ƙarfina, can ƙarshe na ce bari in sa abin da malam zai san ba ƙaramin kai gare ni ba, na rubuta "make haste while the sun shines", har da ja mata layi a ƙasa. Da aka dawo mana da littattafai sai na ga jan biro ya zagaye haste ɗin, malamin ya kira ni gaban aji ya ce "kai zo nan, a ina ka samo haste?" Na ce "Malam haka nake jin mutane suna faɗa." Ya ce "to da kai da mutanen duk kun kwafsa, hay ne, je ka nemo min ma'anar hay kafin gobe." Abin haushin har yau ina ganin kuskuren nan a Facebook da WhatsApp, manya ma masu digiri suna yinsa, kuma gaskiya ban ga laifinsu sosai ba, tunda haste gaggawa ce, maganar kuma tana da ƙamshin gaggawa a jikinta, sai kunne ya kama kalmar da ya sani ya saki wadda bai sani ba.

Toh bari mu fara daga yadda take. Kalmomi shida ne cif: make hay while the sun shines. Hay ɗin ana furta ta "hei", kamar yadda kake furta day ko say, in ka ce "hai" ka koma wata kalmar daban mai nufin sama ko tsayi. Shines kuma "shainz", da s ɗinta a ƙarshe, kar ka cinye ta. Ma'anarta a taƙaice: in dama ta samu, abubuwa suna tafiya maka daidai, ka yi abin da za ka yi tun yanzu don yanayin ba zai zauna yana jiranka ba. Wannan kowa zai iya haddacewa, amma haddar kaɗai ita ce take sa mutum ya jefa ta inda ba wurinta ba, shi ya sa na fi so ka fara sanin meye hay ɗin da kuma me ya haɗa ta da rana.

Hay ciyawa ce da aka yanka tana kore shar aka shanya ta ta bushe aka ajiye wa dabbobi, a wasu wuraren namu ana ce wa irinta ingirici, kuma in kana son abin da ya fi kusa da ita a aiki to harawa ce, ta wake ko ta gyaɗa, wadda ake ɗaurewa dami-dami a ɗora kan rufin ɗaki ko kan bishiya a ajiye wa rani. Kar ka haɗa ta da straw, shi straw karan alkama ne ko na sha'ir da ya rage bayan an cire tsaba, yawanci shimfiɗa ake yi wa dabbobi da shi, abincin da ke cikinsa kaɗan ne. Hay ita ce abincin.

Yanzu ga inda mu 'yan nan muke ruɗewa. Bahaushe in ka ce masa ya yi sauri tun rana tana haskawa sai ya kalle ka, rana kuma? ina za ta? Mu ai rana ce ta yi mana yawa, a bazara har roƙo muke hadari ya haɗo mu huta. Amma maganar a Ingila aka haife ta, can kuwa rana baƙuwa ce. Landan a shekara guda hasken ranar da take samu bai kai awa 1,700 ba, Kano kuwa tana samun wajen 3,000. Wani abin da zai ba ka mamaki, in aka auna ruwan sama da ma'auni, na Landan wajen milimita 600 ne a shekara, na Kano ya fi shi yawa. Bambancin shi ne namu yana zuwa ne a dunƙule cikin 'yan watannin damina ya zuba ya wuce, mu samu wata bakwai ko takwas ko ɗigo babu, su kuwa nasu a barbaje yake cikin wata goma sha biyu, yau yayyafi gobe hadari jibi rana ta ɗan leƙo ta koma, babu watan da manomi zai dafa ƙirji ya ce ba za a yi ruwa ba.

Ka ga kuwa aikin hay aiki ne da ba ya son ruwa ko kaɗan. Ɗanyar ciyawa kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne, kafin a ajiye ta sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 20, an fi so ma ya tsaya wajen 15. Hakan yana buƙatar kwana uku zuwa biyar a jere na rana da iska. A zamanin da babu tarakta, maza ne suke jeruwa tun asuba da wani dogon lauje mai doguwar ƙota da ake riƙewa hannu biyu a tsaye, su yi ta yanka, mata da yara suna biye da manjagara suna baza ta suna juyawa don kowane gefe ya sha rana, in ta bushe a tara a loda a amalanke a kai gida. In ruwa ya sauka a tsakiyar aikin nan an shiga uku, ciyawar ta jiƙe, amfanin cikinta ya wanke, sai an sake bazawa an sake jira. In kuma mutum ya yi gajen haƙuri ya kwashe ta da danshi ya tara, ko dai ta yi fumfuna dabbobi su ƙi ci ko ta sa musu ciwo, ko kuma abin da ya fi muni, tulin ya riƙa ɗaukar zafi daga ciki saboda ƙananan ƙwayoyin halitta da suke aiki a cikin danshin, har wata rana cikin 'yan makonni ya kama da wuta da kansa ba wanda ya ƙyasta ashana. Wannan ba tatsuniya ba ce, har yanzu gobarar ɗakin ajiyar hay tana faruwa a Turai da Amurka ta wannan hanyar.

Kuma fa ba wai ƙwalisa ba ce, rayuwa ce. A lokacin sanyinsu ciyawa tana daina tsiro na tsawon watanni, shanu da tumaki da dawakai abin da aka ajiye musu a watan Yuni da Yuli shi za su ci har ciyawa ta dawo. Wanda hay ɗinsa ta lalace sai dai ya yanka dabbobinsa ko ya karyar da su, dama can a al'adarsu ta da a watan Nuwamba ake yanka dabbobin da aka san abinci ba zai kai su ƙarshen sanyi ba. Don ka san girman abin, a harshen Finland har yau sunan watan Yuli heinäkuu, wato watan hay, a tsohon kiran mutanen Holan ma haka ne. A tsakiyar Landan akwai titin da ake kira Haymarket, yanzu gidajen wasan kwaikwayo ne a wurin amma asalinsa kasuwar ciyawar dawakai ce, sai a 1830 aka tashe ta daga nan. Karin maganar kanta ta tsufa, tana cikin tarin karin maganar Turanci da wani John Heywood ya buga a 1546, kuma a lokacin babu wani hasashen yanayi, hasashen farko da aka fara bugawa a jarida don jama'a a Birtaniya sai a 1861 aka yi shi. Kenan manomin wancan zamanin in ya buɗe ƙofa ya ga gari garau, ba shi da wanda zai tambaya ko gobe ma haka za a tashi, lauje kawai zai ɗauka.

Duk wanda ya taɓa noman gyaɗa ya san irin wannan fargabar. Kakana in an cire gyaɗa an baza harawa a gona ba ya barcin kirki, ko tsakar dare ya ji iska ta canza sai ya fito tsakar gida yana kallon gabas, don ruwan ƙarshen damina guda ɗaya ya isa ya mai da harawar baƙa ƙirin, wadda za ka sayar da daraja a rani ta koma ko kyauta ana yanga. To wannan fargabar ita ce a cikin maganar Turawan, sai dai su a duk lokacin aikin suke cikinta, mu kuwa ta 'yan kwanaki ce. Kuma mu ma muna da tamu da ta yi daidai da ita kamar an gwada: kowa ya samu rana sai ya yi shanya. In za ka fassara wa wani ita da Hausa, wannan ka ɗauko, ka huta da dogon bayani.

Sai batun yaushe ake faɗinta. Ni abin da nake yi kafin in sa ta a magana, ina tambayar kaina abu uku. Shin damar tana nan yanzu, ana cikinta? Shin wucewa za ta yi, kuma ba ni ke da iko da wucewarta ba? Sannan akwai wani aiki da mutum zai yi ya kwashi amfani ya ajiye? In ukun nan suka haɗu to wurinta ne, in ɗaya ya ɓace ka nemi wata.

Misali mafi sauƙi da kowa zai gane, an kwana biyu babu wuta sai ga ta an kawo, gida ya rikice, wannan ya jona waya a caji, wannan ta ɗauko dutsen guga, a kunna firiji a kunna famfo a cika tanki, ba wanda ya san ko minti ashirin za ta yi ko awa biyar. A nan in ka ce "The light is back, let's make hay while the sun shines" ka faɗe ta a inda ya dace ɗari bisa ɗari, ko da kuwa ƙarfe biyun dare ne, don ranar da ke cikin maganar ba ta sama ba ce. Haka tela ana saura sati biyu sallah, ɗinki ya yi masa yawa yana kwana a shago: "Tailors are making hay while the sun shines." Haka masu ƙanƙara in azumi ya faɗo a zafi, haka masu raguna gab da babbar sallah. Haka ɗan ƙwallo, shekarun da ƙafa take ɗauka ba su da yawa, da an haura talatin da 'yan kai kulob sun fara kallon yara, shi ya sa za ka ji ana cewa ɗan wasa ya karɓi kwantiragi mai tsoka "to make hay while the sun shines". Ko ƙanwarka tana bautar ƙasa an tura ta inda aikin bai da yawa, alawus yana shigowa, lokaci ga shi nan, ka ce mata ta koyi ɗinki ko kwamfuta tun yanzu: "You have free time this year, so make hay while the sun shines."

Masu kallon ƙwallon Ingila ga naku. Kakar 2015 zuwa 2016 manyan kulob duk suka yi ta tuntuɓe, Chelsea da take riƙe da kofi ta ƙare ta goma, Liverpool ta takwas, Manchester United ta biyar, Leicester City da ba wanda ya sa ta a lissafi ta lallaɓa ta ɗauke kofin da maki 81. A 2023 kuma ta faɗa rukuni na ƙasa. In kana ba da labarin nan da Turanci sai ka ce "Leicester made hay while the sun shone."

Ka lura da abin da ya faru da jimlar? Make ya koma made, shines ya koma shone. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba, suna ɗauka karin magana kamar dutse take ba a taɓa ta. Ana juya ta daidai da lokaci da mai aikin. In yanzu ake yi, "they are making hay while the sun shines". In mutum ɗaya ne kuma halinsa ne, "she makes hay while the sun shines". In ya wuce, "he made hay while the sun shone", shone ɗin 'yan Birtaniya suna cewa "shon", Amurkawa kuma suna ɗan jan ta "shoun", duk wanda ka ɗauka daidai ne. Za ka kuma ci karo da masu barin shines yadda take ko a labarin da ya wuce, musamman in sun ɗauko ta a matsayin karin magana sukutum, wannan ma ba a cewa kuskure ne, amma a jarrabawa ni shone zan rubuta in kwana lafiya.

Abubuwan da ba a taɓawa kuwa su ne waɗannan. Ba a cewa "a hay" ba a cewa "hays", hay kamar ruwa take ko gari, ba a ƙirga ta. Ba a jefar da the ɗin gaban sun. Ba a rubuta hey, wannan kiran mutum ne, kuma wayarka tana iya canza maka ita da kanta in ba ka duba ba, ya sha faruwa da ni. While ɗin ma ka bar ta a while, in ka sa when za a gane ka amma ka rage mata gishiri, don while ita ce take nuna cewa lokacin yana da iyaka, ana cikinsa yana ƙarewa. Sai uwa uba haste, wadda na riga na ba ku labarin yadda ta yi min.

Akwai kuma gajeruwarta, kuma a nan nake so a nutsu don a nan ma'ana take ɗan karkacewa. Turawa sau da yawa ba sa ƙarasa ta, sai su ce "make hay" kawai ko "make hay while you can", kamar yadda mu ma za ka ce "in ka ga gemun ɗan'uwanka..." ka yi shiru kowa ya gane sauran. Masu sharhin wasanni suna son wannan, ɗan gaba ya samu 'yan baya marasa ƙwari ya zura uku sai ka ji "he made hay". Amma in aka cire ranar aka bar make hay ita kaɗai, musamman in aka ce wani ya yi ta a lokacin wahalar jama'a, to ta fara wari, ta koma nufin cin moriyar halin da wasu suka shiga. Ku tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuya, mutane suna kwana a layin banki, wasu masu POS suka riƙa cajin abin da suka ga dama. Ɗan jarida zai rubuta "Some operators made hay during the cash shortage", kuma ba yabo yake ba, abin da yake nufi shi ne gaba ta kai su, suna cin karensu babu babbaka. Haka in ka ga "make political hay out of" wani abu, wannan Amurkawa sun fi yawan faɗinta, ana nufin ɗan siyasa ya ɗauki wata matsala ko kuskuren abokin hamayya ya mai da shi jarin kamfen. Don haka kafin ka ce wani "is making hay" ka tabbata ka san a wane gefe maganarka za ta faɗi, kar ka je yabon mutum ya ji kamar ka kira shi ɗan cuwa-cuwa.

Wani ya taɓa ce min ai daidai take da kakarsu ta yanke saƙa. Sun yi kusa amma ba ɗaya ba ne, kakarsu ta yanke saƙa labarin sa'ar da ta faɗo ne, ita kuwa make hay labarin abin da mutum ya tashi ya yi da sa'ar ne, akwai gumi a cikinta. Wanda aka bar wa gado yana kwance bai yi hay ɗin komai ba.

Tana da 'yan'uwa da ake yawan rikita ta da su, kuma masu shirya tambayoyin WAEC da NECO da JAMB sun san haka, shi ya sa suke jera su a zaɓi. "Strike while the iron is hot" ita ce tamu ta da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, bugu ɗaya ne a daidai lokacinsa, misali maigida yana cikin fara'a yau ka shigar da buƙatarka yanzu. Make hay kuwa ba bugu ɗaya ba ne, wani ɗan zamani ne mai tsawo, sati ko wata ko shekaru, da za ka yi ta kwasa kafin ya rufe. "The early bird catches the worm" sammako ne da riga wasu, da sanyin safiya ake kama fara. "A stitch in time saves nine" gyara ne tun ɓarna tana ƙarama, babu wata dama a ciki, matsala ce ake tarewa. In ka rasa wacce za ka ɗauka ka koma kan tambayoyi ukun can.

Sai "save for a rainy day", wannan kam sai na ɗan tsaya a kanta don ita ma ciwon rana da ruwan nan ne. Wata ɗaliba da nake yi wa lesin ta taɓa fassara min ita da cewa a yi tanadin kuɗin taki da iri kafin damina, kuma wallahi tunaninta ya yi ma'ana in a nan aka haifi maganar. Amma a bakin Bature rainy day ranar tsanani ce, ranar da aiki ya tsaya ko ciwo ya zo ko aljihu ya bushe, tunda shi ruwa ne yake hana shi aiki. Mu ruwa rahama ne, ana yinsa ana cewa an samu albarka, har gaisuwa muke "ya ruwa?" a amsa "ruwa ya yi gyara". To ka riƙe wannan a ranka duk lokacin da ka haɗu da rana ko ruwa a karin maganar Turanci: yawanci rana ce alheri ruwa ne matsala, kishiyar yadda jikinka ya saba ji. Biyun ma suna tafiya tare, ka yi hay da rana, ka ajiye saboda ranar ruwa.

In tambaya ta zo a jarrabawa, irin wadda ake ba ka jimla a ce ka zaɓi fassarar da ta fi dacewa, da farko ka soke duk zaɓin da ya ambaci gona ko ciyawa ko zafin rana a zahiri, tarko ne. Ka soke wanda ya ce a yi aiki da rana a huta da dare. Wanda ya ce a yi sauri kawai shi ma bai cika ba. Ka nemi wanda ya haɗa abu biyu, amfani da dama da kuma cewa damar ba mai ɗorewa ba ce. A rubutun insha'i kuma sau ɗaya ya isa, kuma ka sa ta a inda labarin ya kawo ta da kansa, su kansu Turawan suna ganinta a matsayin tsohuwar magana da aka gaji da ji, in ka cika rubutu da irinsu mai dubawa zai gane haddace su ka yi kana neman inda za ka sauke.

Batun ladabi ma yana nan. Yadda take a asali umarni ce, make hay, wato yi kaza. Ga ƙaninka ko abokinka ba komai. Amma ba za ka tura wa shugabanka a ofis ko wani babba saƙo ka ce masa "make hay while the sun shines" haka gatsau ba, kamar ka cewa mahaifin abokinka "tashi ka yi shanya" ne. Sai ka sa kanka a ciki ka sassauta, "Sir, I think we should make hay while the sun shines", ka ga yanzu shawara ce. Kuma kar ka kuskura ka faɗe ta a kan abin da ya shafi rashin lafiya ko tsufan wani, kamar ka ce a mori dattijo tun yana raye, a Turance ma mummunan ji gare ta. Haka wanda aka ba muƙami, in ka ce masa ya yi hay tun rana tana haskawa, a ƙasar nan kowa ya san fassarar da za a yi wa maganarka, ko da kai ayyukan alheri kake nufi.

Tunda muna kan hay, kar ka ɗauka duk inda ka gan ta maganar dama ake. "Hit the hay" barci ne, mutum ya gaji zai je ya kwanta. "A needle in a haystack" neman allura cikin tulin ciyawa, abin da samunsa ya yi wuya. "Hay fever" wata irin mura ce da atishawa da ƙaiƙayin ido da garin furanni yake tayarwa, ba zazzaɓi ba ne duk da sunan. Akwai kuma wata mai roll a cikinta, wannan maganar banza ce, ka bar ta inda ka gan ta kar ka ɗauko ta a gaban mutane.

Wani abin dariya, manoman Ingila na yanzu da yawansu sun rage dogaro da ranar ma. Sai su yanka ciyawar su bar ta kwana ɗaya ko biyu ta ɗan yi yaushi, injin ya dunƙule ta ya naɗe da leda ta yi tsami a ciki ba tare da ta ruɓe ba, in ka taɓa ganin hoton gonakinsu da wasu manyan ƙunshi baƙaƙe kamar ganguna a zube, to su ne. Masu dawakai dai har yanzu busasshiyar suka fi nema. Karin maganar kuma tana nan a bakin mutanen da ba su taɓa riƙe lauje ba.

In kana so ta zauna maka, ka rubuta jimla uku daga rayuwarka, ɗaya da making, ɗaya da made da shone, ɗaya kuma shawara ga wani da should, ka karanta su da ƙarfi kana jin s ɗin shines tana fita. Ni dai washegari na koma wa malamin nan da amsata, na ce "Malam hay ciyawa ce." Ya ce "ɗanya ko busasshiya?" Na yi shiru ina sosa ƙeya, wani ɗan ƙauyenmu da ke bayan aji wanda ko jimla ɗaya ta Turanci ba ya iya haɗawa ya ɗaga hannu ya ce "Malam ai kamar harawa ce." Malam ya sa aka tafa masa, ni kuma maki biyun da ya cire min bai dawo min da su ba.